Ramukan Koriya ta Arewa: Me Aka Gani, Me Ake Zato?





An ɗora mini in yi magana a kan Koriya ta Arewa da wuraren da ake zargin ta ɓoye tana haɗa makaman nukiliya, waɗanda muka fi sani da makaman ƙare-dangi. Duk sanda wannan labari ya taso, sai ka ga mutanenmu sun rabu gida biyu a Facebook. Wasu su ce ai ƙaryar Amurka ce, irin wadda ta shirga wa Iraƙi. Wasu kuma su ɗauko hoton wani gini da aka zagaye da jan layi, su ce ga masana'antar bam nan, an gama magana. To, an shafe sama da shekara 30 ana wannan taƙaddama. A ciki an yi zargin da ya tabbata, an yi wanda ya tashi a banza, kuma kowane lokaci abin da ya raba gardama shi ne wani ya taka da ƙafarsa ya shiga ya gani. Tun watan Afrilun 2009 kuwa, babu wani sufeton hukumar nukiliya ta duniya da ya sake shiga ƙasar. A kan wannan zan gina maganata.

Mu fara da ƙasar kanta. Koriya ta Arewa tana da mutane kimanin miliyan 26, kuma galibin ƙasar duwatsu ne. Daga 1950 zuwa 1953 an gwabza yaƙi tsakaninta da Koriya ta Kudu, Amurka na bayan Kudu, ƙasar Sin na bayan Arewa. Jiragen Amurka sun yi ruwan bama-bamai har manyan biranen Arewa suka koma kufai. Ranar 27 ga Yulin 1953 aka tsagaita wuta, amma har gobe ba a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba. Ban da haka, daga 1958 zuwa 1991 Amurka ta girke makaman nukiliyarta a Koriya ta Kudu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun shekarun 1960 shugabansu na farko, Kim Il Sung, ya mai da haƙa rami siyasar ƙasa. Masana'antu, ma'ajiyar makamai, har wurin ajiye jiragen yaƙi, duk an tura su cikin duwatsu. Ku riƙe wannan da kyau, don zai yi mana amfani a gaba: a Koriya ta Arewa, ganin rami kaɗai ba ya nufin an ga nukiliya.

Yanzu, ta yaya ake haɗa bam ɗin? Hanya biyu ce, kuma in ba mu bambance su ba, ba za mu gane labarin ba.

Hanya ta farko ita ce ta fulutoniyom. Ana gina tukunyar nukiliya, a zuba mata sandunan yuraniyom, su daɗe suna ci a ciki. Idan aka fito da su, sai a kai wata masana'anta a narkar da su da sinadarai, a tsamo fulutoniyom. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, wato IAEA, tana ɗaukar kilo 8 a matsayin abin da zai isa bam ɗaya. Wannan hanya ba ta ɓoyuwa. Tukunya tana fitar da zafi, dole a sanyaya ta. Tauraron ɗan'adam zai ga tururi, zai ga ruwan ɗumi yana zuba a kogi, a lokacin hunturu ma zai ga inda ƙanƙara ta narke a bakin bututu.

Hanya ta biyu ita ce ta tace yuraniyom. Shi yuraniyom da ake haƙowa daga ƙasa, ɓangarensa mai fashewa bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Sai a mai da shi iska, a zuba a wasu dogayen bututan ƙarfe masu juyawa da gudun tsiya, mai nauyi ya koma gefe, mara nauyi ya taru a tsakiya, kamar dai yadda ake kaɗa nono a fitar da mai. Bututu ɗaya ba ya yin komai, sai an jera ɗaruruwa ko dubbai, wannan na miƙa wa wancan. In an tace zuwa kashi 3 zuwa 5, an samu makamashin lantarki. In an ci gaba zuwa wajen kashi 90, an samu na bam. Injin bai canja ba fa, shi ne dai. Ba ya hayaƙi, ba ya shan wuta mai yawa, kuma gini kamar babban sito ya ishe shi. Daga sama ba ka bambance shi da masaƙa. Kun ga ke nan inda gizo ke saƙa.

Saboda haka ne duniya ta dogara da sufetoci. Aikinsu kamar na odita ne: su auna, su ƙirga, su liƙa hatimi, su kafa kyamara, su dawo su duba ko lissafi ya daidaita. Muna da misali a gida. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar bincike da ta fara aiki a 2004, kuma da yuraniyom mai tacewar kusan kashi 90 ta fara. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa mai ƙarancin tacewa, aka mayar da tsohon ƙasar Sin, duk a gaban idon IAEA. Ba wanda ke zargin Zariya, don ƙofarta a buɗe take.

To mu koma Koriya. Zargi na farko ya taso ne a Yongbyon, wani wuri mai nisan kusan kilomita 100 arewa da babban birni Pyongyang. A nan Tarayyar Sobiyet ta ba su ƙaramar tukunyar bincike a shekarun 1960, a nan kuma suka gina tasu da ta fara aiki a 1986. Sun shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1985, amma sai 1992 suka bar sufetoci suka shiga. Suka ce fulutoniyom ɗin da suka taɓa tsamowa bai kai giram 100 ba, kuma sau ɗaya aka yi, a 1990. Sufetoci suka shafo ƙurar cikin masana'antar, aka kai ɗakin gwaji. Ƙura ta ba da wani labari daban: an yi aikin ya fi sau ɗaya, a shekaru daban-daban. Ana cikin haka Amurka ta nuna wa IAEA hotunan wasu wurare biyu da ake zaton ma'ajiyar sharar nukiliya ne, an rufe da ƙasa an yi shuka a kai. Shugaban hukumar na lokacin, Hans Blix, ya nemi a bar su su duba a watan Fabrairun 1993. Koriya ta ce wuraren soja ne, ba shiga. A watan Maris ta ce ta fita daga yarjejeniyar ma baki ɗaya, sai ana saura kwana ɗaya fitar ta tabbata ta dakatar.

A 1994 abin ya kusa zama yaƙi, don gwamnatin Clinton ta yi nazarin kai hari Yongbyon. Tsohon shugaba Jimmy Carter ne ya je Pyongyang a watan Yuni ya gana da Kim Il Sung, wuta ta lafa. A watan Oktoba aka ƙulla yarjejeniya a Geneva: Koriya za ta rufe Yongbyon, a gina mata tukwanen lantarki biyu, kafin nan a riƙa ba ta tan 500,000 na baƙin mai duk shekara. Yongbyon ta tsaya cak na tsawon shekara 8, sufetoci na zaune a wurin. Wannan zargi dai ya tabbata, kuma ƙurar da mutum ya shafo da hannunsa ce ta tabbatar da shi.

Zargi na biyu kuwa, ga yadda ya ƙare. A 1998 taurarin Amurka suka hango dubban ma'aikata suna haƙa wani makeken rami a cikin dutse a Kumchang-ri. Jaridu suka ɗauka, 'yan majalisar Amurka suka ce ga shi nan, an rufe Yongbyon an buɗe wata a ɓoye. Koriya ta ce in kuna son gani ku biya Dala miliyan 300. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe Amurka ta ba da tallafin abinci na dubban ɗaruruwan tan. A watan Mayun 1999 tawagar Amurka ta shiga. Me suka tarar? Ramuka ne fayau, babu komai a ciki. Suka sake komawa a 2000, haka dai. Rahoton Amurka da kansa ya ce babu tukunya ko masana'antar tsamo fulutoniyom a wurin. Wato an sayi kallon rami da buhunan hatsi.

Kuma ba a Koriya kaɗai zargi ya taɓa tashi a banza ba. Mafi muni shi ne na Iraƙi, wanda har ya shafi maƙwabtanmu. An fito da wasu takardu da ke cewa Saddam Hussein ya nemi sayen yuraniyom daga Nijar. Amurka ta tura tsohon jakadanta Joseph Wilson zuwa Yamai a 2002, ya koma ya ce bai ga alamar haka ba. Duk da haka a watan Janairun 2003 shugaba Bush ya faɗa wa duniya cewa Iraƙi ta nemi yuraniyom daga Afirka. A watan Maris shugaban IAEA, Muhammad ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ba a cika mako biyu ba aka fara yaƙi. Ba a samu makaman ba, kuma kun san abin da ya samu Iraƙi. Don haka mai cewa kar a yarda da duk abin da ya fito daga Washington, yana da dalili.

Sai dai dalilin nasa bai kai shi ƙarshen labari ba. A watan Oktoban 2002 wani jami'in Amurka, James Kelly, ya je Pyongyang ya tuhume su da cewa sun rufe hanyar fulutoniyom, sun buɗe ta yuraniyom a asirce. Yarjejeniyar Geneva ta rushe, aka kori sufetoci a watan Disamba, a Janairun 2003 Koriya ta fita daga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman. Da yake a lokacin ne ƙaryar Iraƙi ta tonu, mutane da yawa, har da masana, suka ce wannan ma zuƙi ta malle ce. Ita ma Koriya ta yi shekaru tana musantawa. Alhali a 2004 masanin nukiliyar Fakistan, Abdulƙadir Khan, ya amsa cewa ya fitar da fasahar tace yuraniyom zuwa ƙasashen waje, daga baya shugaba Musharraf ya tabbatar cewa har da injina aka kai Koriya ta Arewa.

Ana wannan musu ne suka yi gwajin bam na farko ranar 9 ga Oktoban 2006, a ramin Punggye-ri da ke arewa maso gabas. Tattaunawar ƙasashe shida da ake yi a Bejin ta sa sufetoci suka koma a 2007, a watan Yunin 2008 har aka tarwatsa hasumiyar sanyaya ruwa ta Yongbyon a gaban kyamarorin duniya. Da aka zo batun yadda za a tantance gaskiyar abin da suka bayyana, musamman ɗibar samfur, sai magana ta cije. A watan Afrilun 2009 aka sake korar sufetoci. Korar ke nan har yau.

Sai ranar 12 ga Nuwamban 2010. Koriya ta gayyaci wani masani Ba'amurke, Siegfried Hecker, wanda ya taɓa shugabantar cibiyar Los Alamos, inda aka ƙera bam na farko a duniya. Aka kai shi wani gini mai shuɗin rufi a Yongbyon, aka hau da shi bene, ya leƙa ta taga. Sai ga injinan tace yuraniyom jere reras, na zamani, da ɗakin sarrafawa tsaf. Suka ce masa guda 2,000 ne, kuma na lantarki ne. Mutumin da ya san kan abin ya dawo ya ce ya kaɗu.

Ku lura da abu biyu a nan, don su ne zuciyar maganar. Na ɗaya, wannan gini yana tsakiyar Yongbyon ne, wurin da taurarin duniya suka fi zuba wa ido, amma ba wanda ya bayyana cewa ya san abin da ke ƙarƙashin rufin sai da masu gida suka buɗe. Na biyu, sufetoci sun san ginin, kuma zuwa Afrilun 2009 babu injin ko ɗaya a ciki. Wata 19 ke nan. Ba a koyon wannan sana'a a girka injin 2,000 a wata 19. Wanda ka ga ya ɗinka babbar riga a yini ɗaya, ba ranar ya fara riƙe allura ba. Hecker da sauran masana suka ce lallai akwai wani wuri da aka daɗe ana gwaji, ko ma ana aiki. Daga ranar tambaya ta sauya, ta tashi daga ko akwai ta koma a ina yake.

Sunan da ya fi fitowa shi ne Kangson, a gefen Pyongyang ta kudu maso yamma, kusa da garin Chollima. A 2018 ne masu nazarin hotunan tauraro suka bayyana shi: wani dogon gini da aka yi tun farkon shekarun 2000, da katanga, da tsaro, da gidajen ma'aikata a ciki. Ko a nan masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba da farko. Wani tsohon babban jami'in IAEA, Olli Heinonen, ya ce ginin ya fi kama da inda ake ƙera sassan injinan, ba inda ake tacewa ba. Sai a watan Satumban 2024 Koriya da kanta ta saki hotunan Kim Jong Un yana zagayawa tsakanin layukan injina, yana cewa a ƙara yawansu. Ba su faɗi wurin ba. Masu nazari suka gwada fasalin ɗakin da na ginin, da yawa suka ce Kangson ne, IAEA ma ta ce hotunan sun yi daidai da shi. A 2025 kuma shugaban hukumar, Rafael Grossi, ya ce suna kallon wani sabon gini a Yongbyon mai kama da na Kangson. Ku lura, kallo suke daga sama. Biri ya yi kama da mutum, amma har yanzu ba wani baƙo da ya taka cikinsa ya ƙirga.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa da wuri ɗaya ko biyu, tunda an riga an san suna da bam? Gwaji shida suka yi: 2006, 2009, 2013, biyu a 2016, da na 3 ga Satumban 2017 wanda ya girgiza ƙasa da ƙarfin maki 6.3, kuma masana suka ƙiyasta ya ninka na Hiroshima sau da yawa. Amsar tana Hanoi.

A watan Fabrairun 2019 Trump da Kim suka zauna a Hanoi ta ƙasar Biyetnam, bayan haɗuwarsu ta farko a Singafo a 2018. Kim ya zo da tayi: zai rushe Yongbyon, a ɗage masa manyan takunkuman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a 2016 da 2017. Amurka ta ce Yongbyon kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da sauran wuraren. Aka tashi baram-baram, ko abincin rana da aka shirya ba a ci ba. A gaban 'yan jarida Trump ya ce sun ambata wa Koriya wuraren da ta yi mamakin an san da su.

Ku sa kanku a kujerun biyu. In kai ne Amurka, ka ɗage takunkumi a rufe Yongbyon, alhali injina na juyawa a wani wuri, ka yi cinikin biri a sama. In kai ne Kim, ka miƙa jerin duk wurarenka ga ƙasar da har yau kuke cikin halin yaƙi a takarda, ka ba ta jerin inda za ta jefa bam da hannunka. Wannan shi ne ƙullin. Wurin ɓoye shi ne garkuwar mai ɓoyewa, shi ne kuma abin da ya sa ba mai yarda da alkawarinsa. Ko rushe ramukan gwaji na Punggye-ri da suka yi a watan Mayun 2018, 'yan jarida aka gayyata su ɗauki hoto, ba masana da za su auna ba. Zuwa 2022 an ga alamun ana gyara ɗaya daga cikin ramukan.

Shi ya sa duk adadin da kuka ji, ƙiyasi ne. Cibiyar SIPRI ta ƙasar Suwidin ta ƙiyasta a 2024 cewa suna da bama-bamai kimanin 50, da kayan da za su iya kai su 90. Fulutoniyom ana iya lissafa shi da kwanakin da tukunya ta yi tana aiki. Yuraniyom kuwa ya danganta da yawan injina, yawan injina ya danganta da yawan wurare, wuraren kuma su ne ake taƙaddama a kai. Ga shi idon duniya sai ƙara rufewa yake. A watan Maris na 2024 Rasha ta hau kujerar naƙi, ta kashe kwamitin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke bin diddigin takunkuman, a watan Yuni kuma Putin ya je Pyongyang suka ƙulla yarjejeniyar tsaro.

Na san abin da ke ran wasunku, don ana yawan faɗa. Ana cewa ai Gaddafi ya miƙa nasa shirin a Disamban 2003, a 2011 aka kashe shi, Kim kuwa ya riƙe nasa yana nan daram. Su ma jami'an Koriya wannan misalin suke kawowa. Ana kuma cewa ƙasashe biyar sun halasta wa kansu abin da suka haramta wa kowa, ga Isra'ila da cibiyarta ta Dimona, wadda wani ma'aikacinta, Mordechai Vanunu, ya tona wa asiri a 1986, ya sha ɗaurin shekara 18, amma ba takunkumi ba komai. Duk wannan gaskiya ne, tsarin akwai son kai a cikinsa. Amma son kan manyan ƙasashe ba ya gaya mana abin da ke cikin Kangson. Kuma kafin mu tafa wa Kim, mu tambayi wa ya biya kuɗin.

A tsakiyar shekarun 1990 yunwa ta kashe mutane a Koriya ta Arewa, mafi ƙarancin ƙiyasi dubban ɗaruruwa, wasu na cewa sun haura miliyan. Ba a gama fita daga wannan yunwa ba ake haƙa ramin Kumchang-ri, wanda aka tarar fayau. Ko a 'yan shekarun nan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha ƙiyasta cewa sama da kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar ba sa samun isasshen abinci. Babu majalisar da za ta tambayi nawa aka kashe, babu jaridar da za ta buga, babu jam'iyyar adawa da za ta ce a'a. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙofar da aka rufe wa sufeton waje, tun kafin nan an rufe wa ɗan ƙasa ita.

Haɗarin kuma ba ya tsayawa a kan iyakarsu. A watan Satumban 2007 Isra'ila ta ruguza wani gini a gabashin Siriya. A 2011 IAEA ta ce akwai ƙwaƙƙwaran zaton tukunyar nukiliya ce, kuma fasalinta ya yi kama da ta Yongbyon. Abin da aka ƙera a ɓoye, ana iya sayar da shi a ɓoye.

Akwai ƙasar da ta bi wata hanya, kuma a nahiyarmu take. Afirka ta Kudu ta ƙera bam shida a asirce, ta warware su, ta shiga yarjejeniya a 1991, a 1993 shugaba de Klerk ya fito ya faɗa wa duniya. Ba maganarsa ce ta gamsar da mutane ba. Sufetoci ne suka bi takardun masana'antar tacewa na shekaru, suka gwada da yuraniyom ɗin da ke ƙasa, har lissafi ya zauna. Ana iya yi, amma sai mai gida ya yarda a buɗe littafi.

'Yan'uwa matasa, mu da muke harkar jama'a, kullum labarai na zuwa hannunmu kafin su isa wurin wasu, kuma abin da muka tura shi mutane ke ɗauka. Gobe ko jibi za ku sake ganin an gano wani wurin sirri, a Koriya ko a wata ƙasa. Kafin ka danna turawa, tambayi wa ya faɗa, kuma me zai samu in an yarda da shi. Tambayi me aka gani: rufin gini ne daga sama, ko cikin ɗaki? Ka duba ko akwai wanda ba shi da hannu a rigimar da ya shiga ya auna. Sannan ka duba me wanda ake zargi ya yi da aka ce ya buɗe. A Iraƙi a 2003 sufetoci na ciki, suna cewa ba su ga komai ba, aka ƙi saurarensu. A Koriya an kore su, kuma mai gidan da kansa yana nuna injinansa yana alfahari. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a kwando ɗaya bai yi wa ko ɗaya adalci ba.

Ga inda maganar ta tsaya a yau. Cewa Koriya ta Arewa na da bam, an tabbatar, ƙasa ta girgiza sau shida. Cewa tana tace yuraniyom, an gani da ido a 2010, ta kuma nuna da kanta a 2024. Cewa akwai wuri bayan Yongbyon, hujjoji sun yi ƙarfi ƙwarai, kuma Kangson ne kan gaba. Yawan wuraren da yawan abin da suke fitarwa kuwa, duk wanda ya ba ka adadi ƙiyasi ya ba ka, kuma haka za a zauna har ranar da wani ya sake shiga da ma'auni a hannunsa. Gani ya kori ji.

 Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani, fili nasa ne. Allah ya zaunar da mu lafiya.